Sawu a Kan Ɗanyen Fenti

Kafin a gama karin kumallo labari ya zaga jirgin ruwan daga sama har ƙasa: an sace jakar Alhaji Hassoumi. 'Yar baƙar jakar fata ce da ba ya rabuwa da ita. A ciki akwai fasfonsa, da katin zamansa na Faransa, da takardun asibiti, da tikitin jirgin saman da zai ɗauke shi daga Lyon ranar Litinin, ya koma Damagaram komawar da ya ce babu dawowa.

Don shi ma aka shirya tafiyar. Shekara hamsin da shida da suka wuce ta ruwa ya shigo ƙasar, yana saurayi, ya sauka a Marseille da akwatin ƙarfe a ka. Da ya ce yana so ya sake ganin gaɓar nan daga cikin teku kafin ya tafi, sai ƙungiyar masu jin Hausa ta ɗauki abin da zafi. Mutum arba'in da biyu suka fito, rabi daga Paris, rabi daga Lyon, suka shiga wani tsohon jirgin fasinja mai suna Marinette, wanda ya girmi yawancinsu. Kwana huɗu zai yi yana bin gaɓa, yana tsayawa gari gari. Ƙofofinsa kuka suke yi, famfunansa sai sun yi tari kafin su ba da ruwa, kuma kullum za ka ga wani ma'aikaci da gwangwanin fenti yana rufe tsatsa.

Malam Garga shi ne na ƙarshe da ya ji. Yana kwance a ɗakinsa na ƙasa kusa da injin, cikinsa na juyawa, yana da-na-sanin biye wa 'yarsa da ta matsa masa ya fito ya sha iska. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tura naman shanu cikin sanyin kasuwar Rungis da ke gefen Paris, har gwiwoyinsa suka ƙare. Abin da yake nema a duniya yanzu bai wuce kujerarsa ta gida a Sevran, can bayan garin Paris, da butar shayinsa ba.

Aka ƙwanƙwasa. Hajiya Batula ce, shugabar reshen Lyon, wadda ta jagoranci tafiyar.

"Malam Garga, an tashi lafiya? Ya jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya. Teku ce dai ba ta san babba ba."

"An ce mini a can gida, wajen Kousseri, kai mai bin sawu ne."

"An ce. Shekara arba'in ke nan. Kuma sawun shanun sata ne, a kan ƙasa. Nan kuwa daga ƙarfe sai ruwa."

"To ai sawun aka gani, shi ya kawo ni."

Ta zauna a bakin gado ta ba shi labari. Jiya da yamma an shafa koren fenti a farfajiyar bayan jirgi, bai gama bushewa ba. Da safe aka ga sawun silifas a kai, ya fito daga lungun ɗakin Alhaji. Aka duba takalman mutane, aka sami fentin a ƙasan silifas ɗin Sadisu, wani mai talla da ke cikin 'yan Paris. Ɗan Alhaji, Muhammad Awwal, ya riga ya kai ƙara wajen kyaftin. Da ƙarfe huɗu za a tsaya a Toulon, 'yan sanda za su hau.

"Sadisu takardar zama ta wucin gadi gare shi, Malam. Wata mai zuwa za a duba maganar zamansa. In 'yan sanda suka rubuta sunansa yau, shi ke nan." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni na sa shi a tafiyar nan. Na ce ya zo ya ga tekun nan sau ɗaya ba a cikin kwalekwalen roba ba."

Garga ya tashi zaune. Sannan ya laluba takalminsa.

*

A farfajiyar baya mutane sun yi cincirindo a jikin igiyar da aka kewaye fentin. Wani ɗan Lyon yana cewa tun farko bai ga dalilin ɗauko mutumin da ke talla a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris ba. Wani ɗan Paris ya ce a bar kuɗin goro, ba duk ɗan Paris ne ɓarawo ba. Babu wanda ya ce Sadisu bai yi ba.

"Ku matsa mini daga rana," in ji Garga.

Ya dafa igiya ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kwantar da kai gefe yadda hasken zai bugi fentin a karkace, kamar yadda kawunsa ya koya masa yana yaro. Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar lungu zuwa ƙarfen da ke bakin ruwa. Takun gajeru ne. A kowane sawu tsakiya ya nutse sosai, dunduniya kuwa da kyar ta taɓa, kuma bayan silifas ɗin ya ja ɗan layi kafin ya ɗaga. Ƙafar hagu tana kallon gaba, ta dama ta buɗe waje, tana sharar ƙasa. A bakin ƙarfen sawun ya hau kan juna ya cakuɗe, ya yi zurfi. Mai shi ya daɗe a tsaye a wurin, yana sauya ƙafa.

"To, Malam? Nasa ne ko?" wani ya tambaya.

"Takalmin nasa ne," in ji Garga. Ya miƙa hannu aka ɗaga shi.

*

An ajiye Sadisu a wani ɗan ɗakin kayan shara. Ƙato ne, mai shekara talatin da 'yan kai, yana zaune a kan bokiti ya haɗa kai da gwiwa. Garga ya yi sallama, ya nemi wani bokitin ya kife.

"Ina ka yi sallar asuba?"

"A ɗaki, Baba. A zaune ma."

"Silifas ɗinka fa?"

"Tun isha na bar su a ƙofar wurin da muke salla. Muna sallamewa jirgi ya yi wani tangaɗi, na fita da gudu ba takalmi, na je na yi ta amai. Ban sake fitowa ba sai da suka zo suka buga mini ƙofa."

"Akwai wanda ya gan ka a ɗaki?"

"Wanda aka haɗa mu ya koma wajen 'yan garinsu tun daren farko. Ya ce ina magana cikin barci." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ni ruwan nan na san shi, Baba. Mu tamanin muka shiga daga Libiya. Da zan ƙi zuwa, amma na ji kunyar Hajiya."

"Miƙo ƙafarka."

Sadisu ya miƙo. Garga ya auna ta da tafin hannu, daga dunduniya zuwa babban yatsa. Ƙafa ce shimfiɗaɗɗiya, mai kaushi, irin wadda ke cika takalmi har ta zubo.

"Tashi ka je ƙofa ka dawo."

Taku biyu ya kai ƙofar. Ƙafafunsa duka a miƙe.

"Za su ba da ni, ko?"

"Ban sani ba tukuna. Ka ci wani abu?"

Ya girgiza kai. Garga ya zaro guntun burodin da ya ɓoye a aljihu tun jiya ya ba shi.

*

Wasu sun ce a binciki Pascal, tsohon ma'aikacin da ya shafa fentin, tunda yana da makullin da ke buɗe kowane ɗaki. Garga ya same shi yana wanke burushi, farin gashi har wuya. Suka yi magana da Faransanci.

"Shekara ashirin da shida ina cikin jirgin nan," in ji Pascal, "ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba. Ni abin da ya dame ni fentina. Sai na sake shafawa."

"Da asuba kana ina?"

"A gaba, muna gyaran sarƙar anga, mu uku. Ka tambaye su."

"In mutum ya taka fentin nan, taku nawa zai yi kafin ya daina bari a ƙasa?"

Pascal ya dube shi da kyau a karo na farko. "Wanda ido ke gani, biyar ko shida. Amma yana daɗewa yana danƙo. Me ya sa?"

"Tambaya ce kawai."

Ƙafar Pascal ta fi ta Sadisu girma, cikin takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Garga ya yi masa godiya ya wuce.

*

Ɗakin Alhaji Hassoumi yana sama, da 'yar taga mai kallon tsaunukan gaɓa. Tsohon yana jingine da matashi, ya rame har hular ta yi masa yawa. A kujerar gefen gado matarsa ce zaune, Hajiya Brigitte, Bafaranshiya 'yar Lyon da ya aura shekara arba'in da bakwai da suka wuce. Hausarta ta Damagaram ce tsantsa, a bakin uwar mijinta ta koya. Ta rufe ƙafafunta da bargo, tana riƙe da carbi.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gajiya da iyali da jiki. Sannan Garga ya tambayi yaushe aka ga jakar a ƙarshe.

"Da na tashi alwala tana nan ƙarƙashin matashi," in ji Alhaji. "Awwal ya zo ya riƙe ni muka tafi salla. Muka zauna lazimi har gari ya waye. Da na dawo babu ita."

"An kulle ƙofa?"

"Wa zai kulle? Hajiya na ciki tana barci."

"Ban ji komai ba," in ji Hajiya Brigitte, idonta a kan carbi. "Ina shan maganin barci."

"Awwal yana tare da kai har ƙarshe?"

"Ya fita bayan sallama. Ya ce zai yi waya."

Garga ya lura da wani ɗan akwatin roba a kan tebur, mai rami bakwai, kowane rami da ƙwayoyi.

"Allah ya taimaka maganin bai bi jakar ba."

"Ai abin da nake ta mamaki ke nan. Ni na san a jaka na sa shi jiya, kullum a ciki yake kwana. Da na dawo sai ga shi a kan tebur. Tsufa dai, Malam, mutum ya yi abu ya manta." Ya yi tari mai tsawo. "Likita ya ce in na zauna nan ana yi mini wankin jini, zan iya kai shekara. In na tafi, sai abin da Allah ya yi. Na ce na ji. Uwata tana kwance a Damagaram, kusa da ita nake so. Yanzu in babu fasfo, kafin a yi sabo wata nawa ne? Ni wata nawa gare ni?"

Hajiya Brigitte ta juya tana kallon taga.

*

Muhammad Awwal yana mashayar kofi, waya a hannu. Injiniya ne, haifaffen Lyon, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Faransanci.

"Bon, Malam, ina girmama ka, amma magana ta ƙare. Takalminsa ne."

"An ce jiya an ji muryarka a ɗakin mahaifinka."

Fuskarsa ta canza. "Wa ya ce?"

"Bangon jirgin nan kwali ne."

"E, mun yi faɗa. Na ce masa ba zai tafi ba. Na ce in ta kama in ɓoye fasfon zan ɓoye. Voilà, na faɗa. Amma faɗa ne na baki. Wane ɗa ne zai ga ubansa zai je ya mutu ya tafa masa?"

"Bayan sallama ina ka je?"

"Sama, inda waya ke kamawa. Matata na kira."

"Mahaifiyarka za ta bi shi Damagaram?"

"Maman? Ba ta iya zafi ba. Ya ce ta zauna da jikoki, ya riga ya yanke." Ya murza goshi. "Kullum haka yake. Shi ke yankewa."

Garga ya saci kallon ƙafarsa. Doguwa ce, siririya. Da ya tashi ya tafi, takunsa faɗi ne, irin na mai sauri.

*

Bayan azahar Garga ya koma farfajiyar baya, lokacin kowa ya tafi cin abinci. Daga bakin ƙarfen sawun ya fita ta ɗaya gefen, ya dushe bayan taku shida kamar yadda Pascal ya faɗa. Amma danƙon ya ci gaba da aiki. Gishirin teku ya yi wa daɓen farin lulluɓi, kuma duk inda silifas ɗin ya taka ya ɗauke gishirin ya bar wuri mai tsabta. Ya bi a sunkuye, yana dafa bango, yana hutawa. Sawun ya tsallake matakalar da ke kusa, mai tsayi, ya zaga ta doguwar hanya mai gangara. Ya ƙare a gaban wani farin akwati da ake ajiye rigunan ceto.

Jakar tana ƙasan riguna, an naɗe ta a cikin leda don kada ta jiƙe. Ya buɗe. Fasfo, kati, tikiti, takardu, har agogon zinariya na aljihu, komai yana nan.

Ya sa ta cikin babbar rigarsa, ya zauna a wani benci a lungun ɗakunan sama, don gwiwoyinsa sun ƙi. Bai ɗaga kai ba. Ƙafafu kawai yake kallo suna wucewa: na masu hidima, na yara, na matan Paris masu dogon dunduniya. Can wata ƙofa ta yi kuka. Wasu ƙananan ƙafafu cikin safa da takalmin ɗaki suka fito, suna tafiya a hankali zuwa wajen famfo. Ta hagu tana kallon gaba. Ta dama ta buɗe waje, tana sharar ƙasa.

Garga ya rufe ido. A ransa ya ce da ma yana Sevran.

*

Da ƙarfe uku Hajiya Batula ta tara mutane a ɗakin cin abinci. Gidajen Toulon sun fara bayyana ta taga. Aka kawo Alhaji a kujera, matarsa a gefensa, Awwal a tsaye bayansu. Aka shigo da Sadisu, mutane suka matsa suka bar masa fili kamar mai cuta. Pascal ya jingina da ƙofa.

Garga ya zaro jakar ya ajiye a gaban Alhaji. Wuri ya kaure da salati.

"Duba ko akwai abin da ya ɓata."

Tsohon ya duba. "Babu. Har agogon."

"To ya faɗi inda ya ɓoye ke nan," in ji wani.

"Bai faɗa ba, don bai sani ba," in ji Garga. Ya zauna, don tsayuwa ta gagare shi. "Ku saurara, ba ni da ƙarfin maimaitawa. Takalmin na Sadisu ne, ƙafar ba tasa ba ce. Wanda ya sa silifas ɗin nan ƙafarsa ba ta kai dunduniyar takalmin ba, shi ya sa bayan yake ja. Ku dubi ƙafar bawan Allahn nan, ku gaya mini wane takalmi ne zai yi masa yawa. Wanda ya ɗauki jakar ya fito ba shiri, ya ga daɓe a jiƙe, ya zura abin da ya samu a ƙofar wurin salla da ke bakin lungun. Ya je bakin ruwa zai jefa ta, ya daɗe a tsaye, ya kasa. Sai ya naɗe ta a leda ya ɓoye. Ɓarawo ba ya barin agogon zinariya. Ɓarawo kuma ba ya tsayawa ya ciro wa mai kaya maganinsa ya ajiye masa a tebur. An samu kaya. Ni a ganina a gaya wa kyaftin a bar maganar, kowa ya je ya ji da kunyarsa."

"A'a," in ji wani dattijo ɗan Lyon. "An ɓata sunan mutum tun safe. Sai an faɗi ko wane ne."

"Ai ba sai an faɗa ba," wata mata ta ce daga baya. "Duk mun ji wanda ya ce zai ɓoye fasfo jiya."

Idanu suka koma kan Awwal. Ya buɗe baki, Hausar ta gudu ta bar shi. Alhaji ya juyo a hankali ya dubi ɗansa.

"Kai ne? Ka bari aka kulle bawan Allah tun safe, kai ne?"

"Papa, wallahi..."

"Ba shi ba ne."

Hajiya Brigitte ce. Ta dafa tebur ta miƙe, ta tako zuwa tsakiyar ɗakin, ƙafar dama tana shara. Tun aikin da aka yi mata a ƙugu bara haka take tafiya, duk 'yan Lyon sun sani, babu wanda ya kawo a ransa.

"Ni ce. Ban sha maganin barci ba, idona biyu." Ta juya ga mijinta. "Shekara arba'in da bakwai, Alhaji. Ubana ya mutu bai yi mini magana ba saboda kai. Na koyi harshenku, na koyi sallarku, na yi wa uwarka wanka da hannuna. Sai ka zauna da likita ka yanke, ka sayi tikiti ɗaya. Ɗaya! Ko tambayata ba ka yi ba. Na ce in babu fasfo zan sami wata uku, ko huɗu. Abin da na nema ke nan."



"Na ga kamar zafin zai kashe ki," in ji Alhaji da ƙaramar murya.

"Da ka bar ni na zaɓa."

Ta juya wajen Sadisu. "Ɗana, ban san takalminka ba ne. Da na ji an kama ka, na yi ta cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa. Ka yafe mini."

Sadisu ya dube ta.

"Tun safe nake cikin ɗakin shara, Hajiya. Sai da aka taɓa ɗanki kika miƙe." Bai ɗaga murya ba. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya fita. Mutane suka yi ta sunkuyar da kai, wasu suka bi shi da kira, bai waiwayo ba. Pascal ya je ya gaya wa kyaftin an ga jakar, babu ƙara. Da jirgin ya tsaya a Toulon, Sadisu ne na farko da ya sauka, da 'yar jakarsa a kafaɗa da takalmin fita a ƙafa. Bai dawo ba. Hajiya Batula ta tsaya a bakin gadar sauka har aka janye gadar.

*

Ranar Litinin Alhaji Hassoumi ya tashi daga Lyon kamar yadda ya shirya. Tikiti biyu ne. Awwal ne ya sayi na biyun, shi ya tura mahaifinsa a keken guragu har ƙofar shiga.

Bayan sati bakwai, wata ranar Laraba da hantsi, Garga yana zaune a kujerarsa a Sevran, ruwan sama na dukan taga, sai waya ta yi ƙara. Lambar Nijar ce. Muryar Hajiya Brigitte ta dushe, amma ba ta rawa. Ta ce Alhaji ya cika daren Litinin, kansa a kan cinyarta, an sa shi kusa da mahaifiyarsa. Ta ce a can za ta yi takaba. Garga ya yi mata ta'aziyya, ya yi addu'a.

"Malam, akwai abin da ya bar mini. Kwana biyu kafin ya rasu ya ce a nemo yaron nan Sadisu, a roƙa masa gafara a madadin gidansa, a tsaya masa a kan maganar takardunsa. Awwal ya sami lauya. Amma lambarsa ba ta shiga. Batula ta tambayi kowa, an ce ya bar inda yake kwana, babu wanda ya san inda ya nufa." "Na san ba ni da bakin roƙonka."

"Paris babba ce, Hajiya. Ni kuma ƙafafuna sun ƙare."

"Na sani."

Bayan ta kashe ya zauna da wayar a hannu, har shayinsa ya huce. Ya tuna wani mai gasa masara ɗan Maradi da ke tsayawa ƙarƙashin gadar Porte de la Chapelle, wanda babu baƙon da ke wucewa bai san shi ba. In bai sani ba, zai san wanda ya sani.

Ya shafa man zafi a gwiwoyi, ya ɗaure su da ƙyalle, ya sa rigar ruwa. Lif ɗin gidan ya lalace tun makon jiya. Ya kama ƙarfen matakala, ya fara sauka hawa shida, ɗaya bayan ɗaya.